Uwar Gida na Murza Cincin, Ɓeraye na Jira a Keji

A gidajenmu, in aka haɗa ɓera da abinci a zance ɗaya, to ƙorafi ake yi: ya huda buhu, ya faɗa tukunya, ya ja kifin miya ya kai rami. Abinci ɗaya tak muka san ana haɗa masa takanas, wato wanda aka barbaɗa wa guba aka ajiye a bayan ƙofa. Don haka in ka ce wa Bahaushe akwai gidaje a Ingila da Amurka inda uwar gida ke kunna obin ranar hutu, ta turara kabewa, ta goga karas, ta murza 'yan ƙwallaye ta gasa, duk saboda ɓerayen da suka jeru a bakin keji suna shinshina iska, sai ya ce ka fara gizo da ƙoƙi. Amma haka abin yake, kuma a wurin masu yinsa ba wasa ba ne. Suna da ƙungiyoyi da littattafai da likitoci, kuma in suna musu a kan ko ya dace a ba ɓera ɗanyen dankali, sai ka ɗauka a kan abincin jariri ake yi.

Ɓeran da suke kiwo jikan ɓeran kwata ne, wanda masana ke kira Rattus norvegicus. Sunan yana nuna ƙasar Norway, alhali asalinsa daga nahiyar Asiya yake, jiragen ruwa ne suka yaɗa shi a duniya. A tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani mai kamun ɓeraye a Landan, Jack Black, wanda ke kiran kansa mai kamun ɓerayen Sarauniya Biktoriya. Yawancin abin da ya kama yakan sayar wa masu gidajen giya, inda ake zuba su a rami a saki kare a kansu ana caca. Amma in ya ci karo da fari ko mai dabbare-dabbare, sai ya ware shi ya haɗa shi da irinsa, 'ya'yan kuma ya sayar wa matan masu hali su ajiye a keji. Ɗan jarida Henry Mayhew ne ya tattauna da shi ya rubuta labarinsa. A 1901 wata mata, Mary Douglas, ta nemi ƙungiyar masu kiwon ƙananan ɓeraye ta bar ta ta kawo nata manya wurin baje koli a garin Aylesbury, kuma nata ne ya zo na ɗaya. A 1976 aka kafa National Fancy Rat Society a Birtaniya, Amurkawa suka kafa tasu a Kaliforniya a 1983. Shekaru fiye da ɗari ana zaɓen masu sanyin hali ana haɗa su, har aka samu dabbar da ke gane sunanta, ta hau kafaɗar mai ita, ta yi barci a cikin hannun rigarsa.

Sai dai kiwo bai canja masa ciki ba, kuma daga cikin nan ne duk ƙa'idojin girkin suka samo asali.

Cikin da ba ya mayar da abin da ya shiga

Ɓera ba ya amai. Ba ƙin yi yake ba, halittarsa ce ba ta ba shi dama ba. Wani bincike da Charles Horn da abokan aikinsa na Jami'ar Pittsburgh suka wallafa a 2013 ya nuna tsokar da ta raba ƙirjinsa da cikinsa ba ta da ƙarfin turo abinci sama, siffar tumbinsa ba ta dace da hakan ba, kuma ƙwaƙwalwarsa ba ta da hanyoyin jijiyar da ke tayar da amai. Kare in ya ci mugun abu yakan fita waje ya amayar ya huta. Ɓera kuwa abin da ya haɗiye ya zauna ke nan, sai dai ya bi ta ƙasa. Iyakar dabararsa in zuciyarsa na tashi ita ce ya nemi farar ƙasa ko yumɓu ya ci, don ta tsotse gubar.

Wannan ne ya sa ya zama mai tsananin zargi. In ya ga abincin da bai sani ba, sai ya ɗan gutsura kaɗan ya koma gefe ya jira ya ji yadda cikinsa zai yi. In ya ji ciwo, ya ƙaurace wa abin nan na dogon lokaci, ko da sa'o'i sun shuɗe tsakanin cin da ciwon. Masanin halayyar dabbobi John Garcia ya tabbatar da haka a shekarun 1950 da 1960. Duk wanda ya taɓa zuba maganin ɓera ya ga sun ci rana ɗaya sun ƙaurace masa washegari ya san wannan hali ba tare da ya shiga jami'a ba. Akwai kuma wani abin da Bennett Galef na Jami'ar McMaster a Kanada ya gano a farkon shekarun 1980: ɓera na shinshina bakin ɗan'uwansa ya ji abin da ya ci, in ya gan shi garau, shi ma sai ya yarda da abincin. Masu kiwo suna amfani da wannan. In aka kawo sabon ganye kowa ya ja baya, sai a miƙa wa wanda ya fi rawar kai a kejin. Da ya ci ya koma cikin 'yan'uwansa, an gama talla.

To amma zargin nan yana raguwa a wurin ɓeran da ya saba da hannun mai shi. Ya riga ya yarda duk abin da hannun nan ya miƙo alheri ne. Ke nan nauyin tantancewa ya tashi daga hancin ɓera ya koma kan mai gida.

Maganar awo

Balagaggen ɓeran gida, mace takan yi nauyin giram 250 zuwa 400, namiji kuma yakan haura 500. Abin da yake ci a yini na busasshen abinci bai wuce giram 15 zuwa 20 ba, wato kamar cikin babban cokali ɗaya da ɗan ɗori. Yanzu a ɗauki biskit ɗin shayi guda, mai nauyin giram 10. A hannunka ba komai ba ne, a cikinsa kuwa rabin abincin yini ne, kuma rabin da babu komai cikinsa sai fulawa da sukari da mai. A yi haka kullum, cikin wata biyu sai ka ga dabba ta zama kamar tulu, ba ta iya hawa igiyar kejinta.

Ƙiba ce babbar cutar ɓeran gida, kuma ba ita kaɗai take zuwa ba. Tana tafe da ƙari a mama, wanda ya yi yawa ainun a matansu, da ciwon ƙoda wanda ke cin mazan in sun manyanta, da gyambon tafin ƙafa. Dabbar da duk rayuwarta shekara biyu ce zuwa uku, wata uku da aka rage mata ba kaɗan ba ne. Abin mamaki, a jikin ɓera ɗin ne kimiyya ta fara gane alaƙar yawan ci da gajeren kwana. A 1935 Clive McCay da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell suka nuna ɓerayen da aka rage wa yawan abinci, ba tare da an hana su sinadaran gina jiki ba, sun fi waɗanda aka bari suna ci yadda suka ga dama tsawon rai nesa ba kusa ba.

Kayan maƙulashen da ake sayarwa a shagunan dabbobi ba su taimaka ba. Akwai 'yan ƙwallayen da ake kira na yogot, waɗanda in ka karanta bayan leda za ka ga sukari da mai na masana'anta ne a sahun gaba. Akwai sandunan hatsi da aka manne da zuma. An yi musu launi mai kyau ne don idon mai saye, tunda shi ke riƙe da kuɗin. Ɓera kuwa ba ya ƙin zaƙi da maiƙo, zai karɓa har da rawa. Masu iya magana sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A nan ma ba sata ya yi ba, miƙa masa aka yi. Wannan ne ya tura masu kiwo da yawa zuwa kicin. Wanda ya kwaɓa da hannunsa ya san abin da ya zuba, ya kuma yanka daidai girman da yake so.

Ƙa'idar da suka fi bi ita ce tushen abinci ya zama cikakken haɗin da aka yi don ɓeraye, ko dai dunƙulallen na masana'anta ko haɗin hatsi irin wanda Alison Campbell ta yi bayani a littafinta The Scuttling Gourmet, wanda masu kiwo a Birtaniya ke ji da shi. A kan wannan sai a ɗora ɗanyun kayan lambu kaɗan kowace rana. Maƙulashe kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da ya ci. Girman loma ɗaya, kamar ƙwayar wake.

A kicin

Mafi shahara shi ne abin da zan kira cincin ɗin kabewa, ko da yake ba ya ganin mai. Ana samun kabewa a fere ta a yanka, a turara har ta yi laushi, a murƙushe da cokali mai yatsu. Turarawa ta fi dafawa cikin ruwa, don ruwan yana wanke sinadaran ya tafi da su, kuma kwaɓin yakan yi ruwa. A kan rabin kofi na kabewar sai a goga karas ɗaya madaidaici, a zuba garin ots kamar kofi ɗaya, a kwaɓa har ya daina kama hannu. Babu gishiri, babu sukari, babu magi, babu mai. Zaƙin kabewa da karas ya ishe shi. Wanda ba shi da ots, garin gero ko na alkama da ba a cire dusarsa ba yana yi. Wasu kan fasa ƙwai ɗaya don ya haɗe kwaɓin, wanda ya dace da 'ya'yan da ke tasowa da uwa mai shayarwa, amma tsohon namiji mai raunin ƙoda gara a bar masa babu ƙwan.

Sai a murza shi ya yi faɗi, kaurinsa kamar na kwabo biyu a haɗe, a yanka ƙanana ƙwarai. A nan kowa ke kuskure karon farko, domin ido ya saba da awon mutum. Abin da ka ga ya yi ƙanƙanta, raba shi biyu. A jera a tire a sa a obin mai zafin digiri 160, minti ashirin zuwa ashirin da biyar, sannan a kashe wutar a bar su ciki har obin ya huce. Wannan zaman na ƙarshe shi ne sirrin, shi ke fitar da sauran danshi ya sa su yi ƙarau. Cincin mai danshi a ciki kwana uku ya fara fumfuna. Da yake babu maganin hana lalacewa a ciki, na mako guda ake sa wa a kwalba a firji, sauran a ɗaure a leda a jefa firiza.

Za ka ji ana cewa dole a ba ɓera abu mai tauri don kada haƙoransa su yi tsawo. Gaskiya ne haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, kusan milimita 2 zuwa 3 kowane mako. Amma yawancin gogewar shi yake yi da kansa, yana gurza na sama da na ƙasa, musamman in yana cikin jin daɗi, har wani lokaci idanunsa su riƙa motsi suna ɗan fitowa. Tauri dai yana ba shi aikin yi da nishaɗi. Kuma wanda ya ga haƙoran ɓeransa sun yi ruwan goro kada ya tsorata, sinadarin ƙarfe ne a jikinsu, alamar lafiya ce. Fari fat shi ne abin damuwa.

Hanya ta biyu ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya tashi a gidan da ake yin kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa. A yanka karas ko kabewa ko jan tattasai mara yaji ko dafaffen dankali sirara-sirara, a busar. A Ingila da Amurka suna da na'urar busarwa, ko su sa a obin a wuta mafi ƙanƙanta na sa'o'i da ƙofar a ɗan buɗe. Abin lura kawai shi ne busarwa na tattara zaƙi wuri guda. Yankan karas da ya bushe ya koma kamar farce, sukarinsa na nan yadda yake, don haka da girman ɗanyen ake lissafi.

Ta uku ita ce wadda ni na fi so, domin ba girki ba ce, wasa ce. Ɓera ba ya gumi kamar mutum, ba ya kuma haki kamar kare. Ta wutsiyarsa yake fitar da wani kaso na zafin jiki, kuma zafin da ya kai digiri 30 yana galabaitar da shi. Idan bazara ta yi a Turai, masu kiwo kan zuba ruwa kaɗan a faranti mai faɗi, su watsa koren fis daga firiza a ciki, su ajiye a ƙasa. Suna kiran abin kamun kifi. Ɓerayen za su zagaye farantin, mai tsoro ya miƙa hannu daga baki yana lalube, mai ƙarfin hali ya tsunduma kansa gaba ɗaya. Kowa ya kamo nasa sai ya zauna a kan ƙafafun baya, ya riƙe da hannu biyu, ya ɓare ɓawon ya yar, ya cinye cikin. Bayan an tashi, ɓawon fis ne ko'ina. Sun sha ruwa, sun huce, sun motsa jiki, kuma abin da ya shiga cikinsu bai taka kara ya karya ba.

Sauran kayan lambu ba sa bukatar wata dabara: kokwamba, burokoli, koren wake, latas mai duhun ganye, tumatir, duk a wanke sosai saboda maganin feshi a ba su ɗanye. Alayyahu kaɗan-kaɗan, ba kullum ba. In an cika masu ruwa-ruwa sai zawo, shi ya sa sabon abu ake farawa da ɗan mitsitsi. Ba a kuma wahalar nema masa bitamin C, jikinsa na haɗa nasa.

Abin da ba ya shiga keji

Ɗanyen busasshen wake yana da sinadarin da ke illata hanji, sai an dafa shi ya nuna lugub. Ɗanyen dankali ma ana dafa shi, saboda yana ɗauke da abin da ke hana narkewar furotin, wuta ce ke kashe shi. Dankalin turawa da ya yi kore ko ya fara tsiro guba ne ga ɓera kamar yadda yake ga mutum, sai dai shi ɗan kaɗan ya ishe shi. Ɗanyen rogo ba a ma maganarsa. Ɗanyar albasa na lalata ƙwayoyin jini. Ɓawon fiya da ƙwallonta a nisanta su.

Lemo yana da labari na musamman. A ɓawonsa akwai wani mai da ake kira limonin. Namijin ɓera na da wani furotin da hantarsa ke yi yana fita ta fitsari, wanda in ya haɗu da wannan mai sai ya taru a ƙoda ya lalata ta. Macen ba ta da wannan matsala, mutum ma haka. Gwaje-gwajen da suka nuna hakan da yawa aka ɗura wa dabbobin, fiye da abin da ke cikin yankan lemo ɗaya, amma masu kiwo sun zaɓi su hana mazan lemo gaba ɗaya, tunda babu abin da suka rasa.

Sai gyaɗa da masara masu fumfuna. A 1960 talo-talo kusan dubu ɗari suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin gyaɗa daga Burazil, binciken musabbabin ne ya kai ga gano gubar afulatoksin. Ɓera na cikin dabbobin da wannan guba ta fi saurin jawo wa sankarar hanta. Duk ƙwayar da ta canja launi ko take warin rumbu, shara ce. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa kuwa, ko mai kyau ce, hatsarinta daban: tana da danƙo, tana manne wa maƙogwaro, ga shi dabbar ba ta iya amayarwa. In dole ne a ba shi, sai an tsinka ta da ruwa. Haka ma burodi mai laushi da tuwon dankali mai kauri. Ɓeran da ya shaƙe za ka ga yana dalalar da yawu yana ja da kunnuwa baya. Sau da yawa yakan warware da kansa, amma in numfashi ya fara gagara, sai likita.

Amfanin cokali

Akwai dalilin da ya sa ƙwararru ke ajiye ɗan kabewar da aka murƙushe ba tare da an gasa ba. Sabon ɓera mai tsoro, in ka miƙa masa cincin, zai fizge ya ruga lungu. In ka shafa kabewa a cokalin ƙarfe kuwa, dole ya tsaya kusa da hannunka ya lasa. In ya kai cizo ya ji ƙarfe, ya koyi lasa ke nan. Ba a kuma miƙa abinci ta tsakanin wayoyin keji, don kada ya ɗauka duk abin da ya leƙo ta nan abinci ne, ranar da yaro ya sa yatsa a sha kuka. Ranar rashin lafiya ce cokalin ke biyan kuɗinsa. Ciwon huhu ya zama ruwan dare a ɓerayen gida, magungunansa kuma da ɗaci. Wanda ya saba lasar kabewa a cokali tun yana ƙarami, ana ɗiga masa magani a ciki ya lashe ba kokawa.

Wannan dabara ta lada da abinci ita ce ta mayar da gafiya ma'aikaciya. Ƙungiyar APOPO, wadda ɗan Beljiyam Bart Weetjens ya kafa, tana horar da gafiyoyi a Morogoro ta ƙasar Tanzaniya su shinshino nakiyoyin da aka binne a ƙasa da cutar tarin fuka a majina. Albashinsu ayaba ce da gyaɗa. Ɗaya daga cikinsu, Magawa, ya gano nakiyoyi da bama-bamai fiye da ɗari a Kambodiya, aka rataya masa lambar zinare a 2020, ya mutu a farkon 2022.

Kada dai wani ya karanta wannan ya ɗana tarko a rumbu da niyyar kiwo. Ɓeran keji na Turai an haife shi a keji, uwarsa da kakarsa ma haka. Na gidajenmu da gonakinmu wani abu ne daban, a cikinsu akwai mai yawan nonuwa, Mastomys natalensis, wanda ke ɗauke da zazzaɓin Lassa a fitsarinsa da kashinsa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau. Ko na kejin ma ana wanke hannu bayan an taɓa shi, domin yana iya ɗaukar cututtukan da ke kama mutum. Akwai ma inda doka ta hana ajiye shi sam, kamar lardin Alberta a Kanada, wanda tun 1950 yake yaƙin hana ɓera zama a ƙasarsa.

Aiki na ƙarshe a ranar girki ba a kicin yake ba. Ɓera ma'aji ne, ko ya ƙoshi zai karɓa ya kai ɓoyo, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa da fuskar wanda bai ci komai ba tun jiya. Da yawa an yaudare su da wannan fuska sun ƙara. Don haka kafin a kwanta sai a ɗaga ɗan gidan barcinsu, a zazzage tsumman da suke kwanciya a kai. Busasshen cincin ana iya bar musu. Amma a nan za ka tarar da yankan kokwamban safe ya yi yaushi, da rabin tumatir, da fis uku da wani ya ɓoye wa 'yan'uwansa a ƙarƙashin takarda, duk sai a kwashe kafin su kwana su yi tsami.